Yadda Na Koyi Tuƙa Karnukan Ƙanƙara a Arewacin Norway

'Yan'uwa da abokai da suka ga hotona a bayan karnuka shida sun yi ta tambayata ta ina aka fara, wasu ma ɗalibai ne da ke ƙasashen Sweden da Finland da Kanada suna sha'awar gwadawa. Ni kaina na ɓata kusan rabin shekara ina laluben hanya, domin na ɗauka wata makaranta ce za a je a biya kuɗi, a yi mako biyu a karɓi takardar shaida kamar ta tuƙin mota. Ba haka abin yake ba, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance daga farko.

Karatu ne ya kawo ni Alta, wani gari a lardin Finnmark can ƙuryar arewacin Norway, a watan Agustan 2021. A watan Fabrairun da ya biyo baya na biya krone 1,900, wato kuɗin Norway, na shiga yawon awa biyu da ake shirya wa baƙi masu yawon buɗe ido. Abin da karnukan ke ja wani amalanke ne marar taya, yana zamewa a kan dogayen ƙafafu biyu masu santsi, fasinja na zaune a ciki, matuƙi kuma na tsaye a baya a kan jelar ƙafafun nan yana riƙe da wani ƙarfe mai lanƙwasa. Abin da ya kama zuciyata a ranar shi ne shirun. Kafin a tashi, karnukan nan suna ta kururuwa suna tsalle kamar za su tsinke igiya, amma ana cire birki sai kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsu da sautin amalanke a kan dusar ƙanƙara. Na koma ɗaki ban iya barci ba. Sai dai in faɗi gaskiya, yawon baƙi ba koyo ba ne: hanya sananniya ce, akwai jagora a gaba, karnukan ma sun san inda za su tsaya ko ba ka ce musu komai ba.

Kafin in nemi kowa, sai da na warware wata damuwa da ke raina. Na taso a unguwar da in kare ya shigo layi yara ke jifansa, kuma ban taɓa shafa kan kare ba tunda aka haife ni. Na kira malamin da ya karantar da ni a gida, bayan gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, ina son shiga aikin kula da karnukan da ke jan kaya a ƙasar ƙanƙara, to yaya matsayin jikina da tufafina game da salla?" Ya ce, "Ɗana, a mazhabar Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa. Kashinsa da fitsarinsa ne najasa, su za ka kiyaye." Ya tuna mini aya ta 4 a cikin Suratul Ma'ida da ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar, ya ce kare mai aiki dabam yake da wanda aka ajiye haka kawai, kuma mafarautanmu ma da karnukansu suke shiga daji. Sharaɗi biyu ya gindaya mini: in ware kayan aiki dabam da kayan salla, kuma kada in zalunci dabba. Da wannan hankalina ya kwanta.

A watan Mayu na rubuta wa gidajen karnuka biyar da ke kewayen Alta. Uku ba su amsa ba, ɗaya ya ce sun cika. Matar da ke da gida na biyar sai bayan mako uku ta aiko da layi biyu: in zo ranar Asabar in ga wurin, in sako takalmin da ba na tausayinsa. Dattijuwa ce mai kimanin shekara sittin, karnukanta 42, kuma ita ce ta zama uwar ɗakina. Tambayar farko da ta yi mini ba ta shafi kare ba, cewa ta yi wace irin takardar zama nake da ita. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gidajen karnuka kan ɗauki matasa su yi hidima a ba su ɗaki da abinci, sai mutum ya zaci tunda ba albashi ba ne to ba aiki ba ne. A dokar Norway aiki ne, kuma wanda ya zo daga wajen Turai da bizar ziyara ba shi da izinin yinsa. Ni takardar ɗalibi gare ni, wadda ta ba ni damar aiki har awa 20 a mako lokacin karatu. Muka rubuta yarjejeniya mai shafi biyu: kwana uku a mako, nawa za a biya ni a awa, da kuma inshorar rauni a wurin aiki wadda ke kan mai gida. Na nemi katin haraji a hukumar Skatteetaten ta intanet, ya fito cikin 'yan kwanaki. Sannan na je wurin likita aka yi mini allurar rigakafin tetanus, cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki, na biya abin da bai kai krone 500 ba. Uwar ɗakina ce ta dage a kan wannan allurar, ta ce mai raba faɗan karnuka wata rana haƙori zai same shi ko ba da gangan ba.

Na fara aiki a farkon Agusta, kuma wata guda cur ban taɓa amalanke ba, ban ma gan shi ba, yana rataye a rufin sito. Shebur da bokiti aka miƙa mini. Sau biyu a rana ina bin karnuka 42 ɗaya bayan ɗaya ina kwashe kashi, ina sauya ruwa, ina duba ciyawar da ke cikin ɗakunansu na katako. A makon farko na ji kamar an yaudare ni. Sai wata rana ta same ni ina kwasa, ta tambaye ni kashin wanne ne ya yi ruwa yau. Na ce ban lura ba. Ta ce to ban fara aiki ba tukuna, domin kare ba ya faɗin ciwonsa, a kashinsa da yadda yake cin abinci da yadda yake taka ƙasa ake karanta shi. Daga ranar na sayi ƙaramin littafi ina rubutawa. Haka na haddace sunayensu, na san wa ke ci da sauri, wa ke jin kunyar baƙo, waɗanne biyu ne ba sa ga maciji da juna. A raina na raɗa wa wasu suna da Hausa: akwai wata mai furfura a baki da nake kira Tsohuwa, da wani baƙi wul mai faɗin ƙirji da nake kira Sarkin Ƙarfi.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne kamanninsu. Na yi zaton zan ga masu kaurin gashi da shuɗin ido irin na hotuna, wato irin da ake kira haski na Saberiya ko manyan nan da ake kira malamut. Namu kuwa sirara ne masu dogayen ƙafafu, mafi yawansu tsakanin kilo 20 zuwa 28, wani kunne a tsaye wani a kwance, wasu ma in ka gan su sai ka tuna karnukan mafarautan ƙauyenmu. Su ne ake kira haskin Alaska. Ba a haɗa irinsu don kyau ba, an haɗa ne don juriya da ƙarfin ƙafa da son ci, kuma kusan duk masu tseren dogon zango su suke amfani da su. Abincinsu kuwa sai da na koya kamar girki. Da asuba ana dama musu romo mai ɗumi, ruwa da yawa da ɗan niƙaƙƙen nama ko kifi, saboda kare a cikin sanyi ba ya son shan ruwa zalla, in kuwa bai sha ba jikinsa zai bushe a hanya. Sai an bar su awa biyu ko uku kafin a fita. Da yamma ne ake ba da babban abinci: naman kaji, tumbin saniya, kifin salmon, kitse, da busasshen abinci na buhu. Karen da ke tseren dogon zango kan ƙona kalori 10,000 ko fiye a yini ɗaya, wato ninki huɗu na abin da babban mutum ke buƙata.

A watan Satumba aka fara horon kaka, tun ƙanƙara ba ta sauka ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Nan na koyi igiyoyi. Akwai uwar igiya da ta taso daga gaban abin hawa ta miƙe, karnuka na jere bibbiyu a gefenta. Kowane kare yana sanye da ɗamarar ja wadda ta gitta a bayansa ta ƙare a gindin wutsiya, a nan ake maƙala igiyar ja, sannan akwai gajeriyar igiyar wuya da ke hana shi kaucewa daga layi. Sanya ɗamara a jikin karen da ke zumuɗin fita ya ɗauke ni mako biyu kafin in iya: ka sa shi tsakanin gwiwoyinka, ka zura kai, sannan ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya bayan ɗaya ta hanyar lanƙwasa ta a gaɓarta, ba ka janyo ta gefe ba, don kada ka gurɗe masa kafaɗa. Kowa da matsayinsa a layi. Na gaba su ne jagorori, su ke jin umarni. Na bayansu su ke karkato da ayari a kwana. Na tsakiya su ne injin tafiya. Na gindi, waɗanda ke dab da amalanke, su ke shan fizga, shi ya sa ake zaɓar masu ƙarfi da natsuwa, irin su Sarkin Ƙarfi.

Da babur mai ƙafa huɗu ake wannan horon, karnuka goma sha biyu a gabansa. Uwar ɗakina ke tuƙi, ni ina zaune a baya, aikina in diro da gudu in warware igiya in ta harɗe. Mun fara da kilomita huɗu, muna ƙarawa kaɗan kaɗan, zuwa ƙarshen Oktoba muna yin talatin. Ƙarfe biyar na asuba muke fita saboda zafi ne babban makiyin waɗannan karnukan, in ma'auni ya haura digiri 12 sai ta soke fitar. Ni da na taso a inda digiri 12 ke sa mutane kwana da wuta a ɗaki, sai da na ga kare yana haki harshe waje a irin wannan yanayin na yarda. Babur ɗin ba don ya taimaka musu ake amfani da shi ba, don ya rage musu gudu ne. Tana riƙe su a kan kilomita 13 ko 14 a awa, domin in aka bar su da son ransu za su kwasa da ƙarfi su ji wa kansu ciwo. A nan na fara gane abin da aikin ya ƙunsa. Ba wanda ke koya wa karen nan gudu, da shi aka haife shi. Ba bulala, ba linzami. Abin da mutum ke koya shi ne tsayarwa, da saisaitawa, da kulawa.

Umarnin baki kaɗan ne. "Ji" shi ne dama, "ho" shi ne hagu, "woo" a ja shi da sanyin murya shi ne tsaya. Wasu a Norway na amfani da kalmomin yarensu na dama da hagu, amma gidanmu irin na Alaska ake bi. Akwai kalmar wucewa in an haɗu da wani ayari ko wani abin da zai ɗauke musu hankali, akwai kuma wadda ke sa jagora ya ja igiya ta miƙe ya tsaya cak har a gama ɗaura sauran. Wannan ta ƙarshe ita ce tushe, in jagora ya juyo baya lokacin da ake ɗauri to layin duka ya dagule. Na yi kuskuren da kowane sabo ke yi, wato yawan surutu. Uwar ɗakina ta ce in na cika magana za su mayar da muryata kamar iska, ranar da nake buƙatar su ji kuma ba za su ji ba. A faɗi kalma sau ɗaya, 'yan taku kaɗan kafin mararraba, in sun bi a yaba musu.

A tsakiyar Oktoba likitar dabbobi ta zo, muka yini muna riƙe mata karnuka. Kowanne yana da ɗan ƙwayar lamba a ƙarƙashin fatar wuya, sai ta ɗora na'ura ta karanta, ta duba haƙora da zuciya da gaɓoɓi, ta yi allurar rigakafi ta rubuta a littafinsa. Wanda zai tsallaka iyaka kuwa yana da fasfo nasa da allurar haukar kare a ciki. Na koyi cewa in kare zai shigo Norway daga Sweden dole likita ya ba shi maganin wata tsutsar ciki cikin kwana ɗaya zuwa biyar kafin tsallakawa, a buga hatimi a fasfo. Hukumar Mattilsynet ce ke kula da walwalar dabbobi a ƙasar, kuma tana da ikon zuwa ta duba gidan karnuka. A makon ne kuma na yi sayayyar kaina. Takalmin sanyi na gwanjo krone 1,200, na saye shi da girma biyu fiye da ƙafata don safa ta samu wuri. Rigar ciki da wandon ulu krone 800, tocilan goshi krone 600. Babbar rigar waje uwar ɗakina ce ta ara mini.

Dusar ƙanƙara ta kwanta sosai a tsakiyar Nuwamba, kuma ba da jimawa ba rana ta ɓace. A Alta daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa sam, sai wani shuɗin haske na 'yan awoyi wajen tsakar rana. A wannan lokacin jadawalin Makka nake bi wajen salla, kamar yadda musulmin birnin Tromsø na arewacin Norway ke yi. A cikin wannan duhun aka sauko da amalanke. Kafin a ɗaura kare ko ɗaya, uwar ɗakina ta sa ni na tsaya a kai ta nuna mini hanyoyin tsayawa guda uku: wata tabarmar roba da ake takawa don rage gudu, birkin ƙarfe mai haƙora biyu da ake dannawa da ƙafa, da wata ƙatuwar ƙugiya da ake cakawa a ƙanƙara a take ta da dunduniya in za a sauka. Sannan ta faɗa mini doka ta farko: ko me ya faru, kada in saki amalanke. Karnuka ba sa jiran wanda ya faɗi. Za su ci gaba da gudu babu birki, amalanke ya hau kan na gindi, ko igiya ta shaƙe wani, ko su yi nisan da ba a same su da wuri ba.

Karnuka uku ta ba ni, Tsohuwa a gaba. Na ji raina ya ɗan sosu, ina ganin uku sun yi kaɗan. Da na zare ƙugiya, fizgar farko ta kusa raba hannuna da ƙarfen. A kwana ta biyu na taka birki a tsakiyar kwanar, abin da bai kamata ba, domin hakan na janyo amalanke ya yanke ta ciki. Ƙafar amalanke ɗaya ta hau tudu, muka kife. Na tuna dokar, na ƙanƙame ƙarfen, suka ja ni a kan ciki kusan mita talatin, ƙanƙara na shiga wuyana, ina kiran "woo" da muryar da ni ma ban gane ta ba. Tsohuwa ce ta tsaya, sauran suka bi ta. Na caka ƙugiya hannuna na rawa, na tayar da amalanke, na je gaba na rungume ta. Shi ne karo na farko a rayuwata da na gode wa kare. Darasin kuwa shi ne a rage gudu kafin kwana, a saki birki a cikinta, a sassauta gwiwa, a jingina nauyi a ƙafar ciki. A gangara kuma kada a taɓa bari uwar igiya ta yi sako-sako, a hawa tudu a sauko a tura ko a riƙa shurin ƙasa da ƙafa ɗaya ana taimakonsu.

Na yi mako uku a kan uku, sannan huɗu, sai a Janairu na kai shida. A tsakanin nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Akwai 'yan safa na yadi da ake sa wa karnuka a ƙafa in ƙanƙara ta yi kaifi ko sanyi ya tsananta, kowace ɗaya kimanin krone 25 a lokacin, kuma suna yagewa da sauri. Wata safiya ma'auni na nuna digiri 24 ƙasa da sifiri, yatsuna sun yi sanyi, na yi gaggawa ban sa wa wani matashin kare safa a ƙafafun baya ba. Mun dawo daga kilomita 35 na ga ɗigon jini a sawunsa. Fatar da ke tsakanin yatsunsa ta tsage. Uwar ɗakina ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini man shafawa ta ce ni zan yi jinyarsa safe da yamma har ya warke, kuma ni zan tsaya in kalle shi duk ranar da 'yan'uwansa suka fita aka bar shi. Kwana goma ya yi yana kuka in ya ga ana ɗaura wasu. Tun daga nan, kowace fita sai na duba ƙafa ashirin da huɗu kafin tashi da bayan dawowa, ina buɗa yatsun ina haskawa da tocila.

Ni ma sanyin ya taɓa ni. Na sa safar hannu ta auduga a ƙarƙashin babbar, na yi gumi wajen ɗauri, da muka hau fili iska ta daskarar da gumin, kan yatsuna biyu suka yi fari ba na jin su. Na cusa su a hammata har suka dawo da wani irin zugi. Auduga ba ta da wuri a wannan ƙasar, ulu ne a jikin fata, kuma a riƙe safar hannu ta canji a aljihun ciki. Tudun Finnmarksvidda da muke hawa ba wurin wasa ba ne: a Karasjok da ke cikinsa aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Norway, digiri 51.4 ƙasa da sifiri, a shekarar 1886. Kuma tudun makiyaya ce ta mutanen Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. Sau ɗaya muka hango garke a gefen hanya, kunnuwan karnukana duka suka miƙe, gudunsu ya ƙaru. Na danne birki da ƙafa biyu, na ba Tsohuwa umarnin wucewa, ta ja su muka wuce. Dabbobin nan dukiyar mutane ce, kamar yadda shanu suke a wurin Bafulatani, kuma in kare ya tarwatsa garke mai karen ne da alhaki.

Horar da sabon jagora ma na ga yadda ake yi, ko da yake ba ni na jagoranta ba. Ba a zaɓar wanda ya fi ƙarfi, ana duba wanda ke kallon gaba, ba ya waiwaye, kuma yana son faranta wa mutum. Sai a ɗaura shi kusa da gogagge irin Tsohuwa, in an ce "ji" ita ta karkata ta ture shi da kafaɗa, a haka yake ɗauka. 'Yan kwikwiyo kuma sakin su ake yi su bi mutum a daji suna tsallake itatuwa da ruwa, sai sun kusa shekara ake fara sa musu ɗamara, tafiya gajeriya, a tsaya tun suna marmarin ƙari.

A ƙarshen Fabrairu muka yi tafiyar kwana, uwar ɗakina da karnuka takwas a gaba, ni da shida a baya, kilomita 60 zuwa wata bukkar katako a kan tudu. Da muka isa, abin da jikina ke so shi ne wuta da shayi, amma tsarin ba ya canzawa: a cire safa, a duba ƙafa, a shimfiɗa musu ciyawa, a sa wa masu ƙarancin gashi riga, a narka ƙanƙara a dafa abinci, a matsa musu kafaɗu. Sai sun kwanta mutum ke shiga ciki. Da ragowar ruwan ɗumin na yi alwala. A daren ne ta ba ni labarin Leonhard Seppala, wanda aka haifa a Skibotn nan arewacin Norway ya tafi Alaska. A shekarar 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nome, aka yi ta miƙa magani hannu da hannu daga garin Nenana, matuƙa ashirin da karnuka kusan 150, sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Wani kare mai suna Balto ne ya shiga gari da maganin ya yi suna, amma Seppala da karensa jagora Togo, mai shekara goma sha biyu a lokacin, su suka yi zango mafi tsawo da haɗari. Ta ce in lura da shekarun Togo. Tseren Iditarod da ake yi zuwa Nome tun 1973, 'yan Norway sun sha lashe shi: Robert Sørlie a 2003 da 2005, Joar Leifseth Ulsom a 2018, Thomas Wærner a 2020. Nan Alta kuma kowane watan Maris ake tashin tseren Finnmarksløpet, wanda aka fara a 1981, babban zangonsa kilomita 1,200, mafi tsawo a Turai.

Wanda ke son shiga wannan harka, shawarata kada ya fara da sayen kare. Lokacin da na fara, ɗamara ɗaya ta kai krone 500, ga amalanke, ga abinci kullum, ga likita, ga fili, kuma kare na iya shekara goma sha uku ko fiye yana buƙatarka rani da damina. A Norway ma daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta doka ta hana sakin kare babu igiya, saboda dabbobin daji na haihuwa kuma dabbobin kiwo na waje. Ya nemi gidan da zai yi hidima na aƙalla sanyi ɗaya cikakke, ya fara tun Agusta don kada horon kaka ya wuce shi. Ya daidaita takardunsa kafin ya taɓa shebur, ya nemi yarjejeniya a rubuce. In ya je duba gida, ya kalli karnukan ba amalanken ba: shin suna murna in mai su ya nufo su, akwai ruwa da busasshiyar ciyawa, kuma ina tsofaffin da suka daina ja? Gidan da ba ya iya amsa wannan tambaya ta ƙarshe, a bar shi. Kuma in aka ba shi karnuka uku a ranar farko, ya karɓa da hannu biyu.

A ƙarshen Afrilu ƙanƙarar ƙasa ta fara narkewa, muka wanke ɗamaru muka mayar da amalanke rufin sito. Tsohuwa ta cika shekara goma sha ɗaya, uwar ɗakina ta sauke ta daga dogon zango, yanzu aikinta raka 'yan kwikwiyo yawo. Matashin nan da na bari ƙafarsa ta tsage shi aka fara gwadawa a gaba a makonnin ƙarshe, kuma ta ce in na dawo a watan Agusta ni zan ci gaba da horonsa.